Yadda ake goge kibod ɗin kwamfuta a gida ba tare da an lalata shi ba

Jama'a idan hunturu ya kama, duk mai kwamfuta a Kano ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram ya san abin da nake faɗa, ka goge tebur da safe kafin la'asar sai ka rubuta sunanka da yatsa a kai. Wannan farar ƙurar da muke sha tun daga Nuwamba har wajen Maris, da yawanta daga arewacin Chadi take tasowa, wani kwari da ake kira Bodele, tsohon gurbin tafki ne da ya ƙafe, shi ya sa take da laushi kamar fulawa babu ramin da ba ta shiga. To idan ta samu ƙasan maɓallan kibod ta haɗu da baselin ɗin da muke shafawa saboda kaushi, ga gumi ga ɓurɓushin ƙuli-ƙuli da cincin da biskit, sai ta dunƙule ta zama danƙo, yau harafi ɗaya ya ƙi dannuwa, gobe wani ya dinga maimaita kansa shi kaɗai.

Na daɗe ina aikin taifin, takardun mutane da furojet ɗin ɗalibai, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne kibod nawa na ga an jefar an ce ya mutu alhali datti ne kawai, wasu kuma lafiyarsu ƙalau garin wankewa aka kashe su. Duk sirrin aikin nan ɗaya ne, a fara da busasshen aiki, danshi ya zo daga baya kuma kaɗan, kada ruwa ya gangara ciki ko ɗigo ɗaya.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa. Ƙaramin buroshin fenti sabo mai laushi, ko buroshin kwalliya da uwargida ta daina amfani da shi a wanke shi ya bushe sosai. Tsohon buroshin haƙori. Audugar goge kunne mai tsinke. Ƙyalle marar gashi, irin na goge tabarau ya fi, in babu to tsohuwar singileti ta auduga ta yi, amma ban da tawul da tishu don suna barin zare. Sai sipirit, wanda ya fi dacewa shi ne mai rubutun isopropyl alcohol 70% a jikin kwalba, za ka samu a manyan shagunan magani ko wajen masu sayar da kayan gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano. Idan sipirit ɗin kemis ka samu to ka tabbatar fari ne marar kala, kuma ka fara gwada shi a bayan kibod ɗin ka ga ko zai ci fenti. Sai abin hura iska, ko dai ƴar robar nan ta matsawa da masu kamara ke amfani da ita, ko gwangwanin iska da ake sayarwa a shagunan kwamfuta irin na Beirut Road a Kano. In ba ka da ko ɗaya kar ka damu, buroshi zai yi maka mafi yawan aikin.

Mataki na farko, ka kashe komai. Idan kwamfutar tebur ce ka yi Shut down sannan ka zare wayar kibod ɗin. Mai USB ba matsala, amma tsohon nan mai zagayayyen kai ruwan shanshanbale, wanda ake kira PS/2, kar ka zare shi ko ka saka shi kwamfuta na kunne, ba a yi shi don haka ba. Marar waya kuma ka kashe ɗan makunnin da ke ƙasansa ka cire batir. Laftof ita ma Shut down sosai, rufe murfi kawai bacci ne take yi, da ka taɓa maɓalli za ta farka. Ka zare caja, idan irin tsofaffin HP da Dell ɗin nan ne masu batir a waje ka cire shi, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 15 don ragowar wutar ta fita.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki wayarka ka yi wa kibod ɗin hoto mai kyau, ta yadda kowane harafi zai fito. Wallahi kar ka raina wannan, cikakken kibod na tebur maɓallai 104 ne da shi, wani 105, kana ganin ka haddace su amma ranar da ka zube su a baho za ka tsaya kana tunanin tsakanin Home da End da Insert wa ke sama wa ke ƙasa.

Mataki na biyu, kifawa. Ka fita tsakar gida ko baranda inda babu iska sosai, ka shimfiɗa tsohuwar jarida, ka kifa kibod ɗin ka riƙa bubbuga bayansa da tafin hannu a hankali, ka karkata shi dama ka bubbuga, hagu ka bubbuga, ka shafa yatsunka a kan maɓallan yana kife don abin da ya maƙale ya saki. Abin da zai zubo sai ka riƙe baki, gashin gemu, ɓawon gyaɗa, yashi, allurar sitefila, wani lokacin har da mataccen kiyashi. Laftof kuma ba a bubbuga ta, musamman wadda ke da tsohon hard disk mai faifai a ciki, wato ma'ajiyar bayanai, duka na iya lalata shi ka yi asarar duk abin da ka ajiye. Ita buɗe ta za ka yi, ka riƙe ta da hannu biyu ta gindi, ba ta sikirin ba, ka kifa ka ɗan girgiza kaɗan shi ke nan.

Mataki na uku shi ne inda ya kamata ka zauna ka ba shi lokaci, buroshi da iska. Ka jingina kibod ɗin a tsaye-tsaye yadda datti zai faɗo ƙasa maimakon ya ƙara nutsewa ciki. Kamfanin Apple da kansa abin da ya ce wa masu MacBook ke nan, a karkata ta kamar digiri 75 a hura iska daga hagu zuwa dama, sannan a juya ta gefe a sake, don waɗanda suka fitar daga 2015 zuwa 2019 masu siraran maɓallai ɗan tsaki ɗaya ya isa ya hana harafi aiki. Dabarar tana yi wa kowace laftof amfani. Ka fara daga layin sama na F1 zuwa F12, ka bi tsakanin maɓallai da buroshin fenti kana sharowa gefe ɗaya, layi bayan layi har ka sauko kan dogon maɓallin Space, sannan ka sake bi daga sama zuwa ƙasa. Bayan buroshi sai iska.

Idan gwangwani ne ka riƙe shi a tsaye, kar ka kifa shi kar ka girgiza, ka riƙa fesawa fis-fis a taƙaice, don abin da ke ciki ruwan gas ne mai tsananin sanyi, in ya fito a ruwansa yana ƙona fata yana kuma ɓata roba, kuma yana kama wuta, saboda haka nesa da risho da janareta. Idan bulawar lantarki irin ta masu gyara ka aro, ka ba da tazara kamar kamu biyu, don ƙarfinta na iya tsinke maɓallin laftof ya yi sama, kuma kar ka saita ta a ramin fankar laftof, juya fankar da ƙarfin da ya wuce nata yana lalata ta. Hurawa da baki kuma a bari, yawu kake fesawa ciki ba ka sani ba, ƙurar kuma ta dawo maka ido da hanci. Na'urar busar da gashi mai zafi ita ma a'a, na taɓa ganin maɓallai sun lanƙwashe kamar an gasa su.

Akwai wata ƴar dabara da nake so, ka yanko salatif ka ninka shi gefen gam ɗin a waje, ka zura tsakanin layuka ka ja, gashi da zaren da buroshi ya kasa fitarwa duk zai biyo shi.

Mataki na huɗu, gogewa. Ƙyallen za ka jiƙa, ba kibod ɗin ba, ba a fesa komai kai tsaye a kansa. Ka ɗiga sipirit kaɗan a ƙyalle, idan ka matse ka ga yana ɗiga to ya yi yawa, ka bari ya sha iska. Ka goge saman maɓallan da inda tafin hannu ke zama, za ka ga ƙyallen ya yi baƙi musamman wajen A da E da Space da Enter. Gefunan maɓallai kuma audugar kunne, ka tsoma ta a sipirit ka matse ta a jikin murfin kwalbar, ka zagaye kowane maɓalli, da ta yi datti ka canza, za ka iya cinye goma ko fiye kafin ka gama. Amfanin sipirit shi ne yana bushewa cikin minti ɗaya ko biyu, ruwa kuwa sai ya samu lungu ya kwanta.

Malamai da ɗaliban Islamiyya masu liƙa sitikar haruffan Larabci a kan maɓallai, ku yi hattara a nan, sipirit yana narkar da gam ɗin sitika yana kuma goge tawadar. Ku yi amfani da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa kawai, a matse shi sosai, a shafa sama-sama. Haka ma kibod masu arha waɗanda harafin fenti ne kawai aka buga a kai, kar a dirza da ƙarfi.

Abubuwan da ba sa zuwa kusa da kibod ko kaɗan: fetur, kananzir, tina, ruwan cire fentin farce, Hypo da Jik. Yawancin maɓallai da robar ABS ake yin su, ruwan cire fentin farce narkar da ita yake yi nan take, sai ka ga wajen ya yi fari ya yi kaushi kuma ba ya dawowa. Sanitaiza mai kauri ita ma ba ta yi ba, akwai gilisirin a ciki, za ta bar maka yauƙi ƙura ta zo ta manne. Idan kuma kyankyasai ne suka tare a ciki, don suna son ɗumin laftof, kar ka fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro, maiƙo ne da shi, buɗewa za a yi a share.

Yawancin mutane a nan aikinsu ya ƙare. Amma idan kibod ɗin tebur ne kuma ya shekara biyu uku ba a taɓa shi ba, to sai an cire maɓallan. Ka samu ƙaramar sukudireba mai faɗin baki ko bayan cokalin shayi, ka zura ƙarƙashin gefen maɓalli ka ɗaga a hankali, za ka ji ɗas ya fita. Ka fara da na gefe kamar Esc don ka gane yadda hannunka zai riƙa yi. Manyan irin su Space da Enter da Shift da Backspace akwai ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashinsu da ke riƙe su kar su karkace, idan wannan ne karonka na farko shawarata ka bar su a wurinsu ka goge kewayensu, in kuma ka cire to ka kalli yadda ƙarfen ya shiga ƙugiyoyinsa ka yi masa hoto, kuma kar ka goge ɗan giris ɗin da ke jikinsa, da gangan aka saka.

Ka zuba maɓallan a roba da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, da ɗigon sabulun wanke kwanuka, su jiƙa kamar minti 30. Ka bi su da buroshin haƙori, ka ɗauraye sau biyu. Ka yi amfani da mataci ko kwando wajen tsiyaye ruwan don kar ɗaya ya bi rariya, kuma don Allah a kawar da yara ƙanana, maɓallin nan daidai bakin jariri yake. Shanya ita ce inda mutane ke gaggawa su yi ɓarna. Bayan kowane maɓalli akwai rami da ruwa ke fakewa, sama ta bushe ciki da saura. Ka yarfe kowanne, ka jera su a kan ƙyalle ramin na kallon ƙasa, a cikin ɗaki a inuwa, ka bar su su kwana. Da hunturu kwana ɗaya ya isa amma ka rufa musu mayafi marar nauyi saboda ƙura, da damina ka ba su kwana biyu.

Suna shan iska kai kuma ka koma kan gangar jikin, yanzu da ta zama tsirara za ka ga dattin da ya kwanta kamar tabarma. Buroshi da farko, sannan auduga da sipirit. Waɗannan ƴan ƙullutun roba masu laushi da kake gani a cikin ramuka su ne ke dawo da maɓalli sama in ka danna, kar ka tsokane su da tsinke. A ƙarƙashinsu akwai wasu siraran ledoji masu zanen layukan azurfa, su ne ainihin hanyar wutar, in ruwa ya shiga tsakaninsu ya kwanta to layukan za su ci, shi ya sa ba na ba kowa shawarar tsoma gangar kibod a ruwa duk da na san akwai masu yi. Wajen mayarwa ka buɗe hotonka, ka ɗora kowane maɓalli a raminsa ka danna har ka ji ya kama. Manyan kuma ƙarfen za ka fara saƙalawa kafin ka danna.

Laftof dabam ce, maɓallanta kar ka cire su sai dole. Ƙarƙashin kowanne akwai wata ƴar roba mai kama da almakashi, ƙugiyoyinta ba su kai ƙwayar gero ba, in ɗaya ta karye maɓallin ba zai sake zama ba, kuma sau da yawa sai dai a canza kibod ɗin gaba ɗaya. Idan harafi ɗaya ne ke danƙo, ka jiƙa audugar kunne da sipirit, ka matsa ta a gefen maɓallin kana danna shi sau ashirin talatin laftof ɗin na karkace, sipirit kaɗan ɗin da zai shiga zai narkar da danƙon ya bushe. Ka maimaita sau biyu ko uku kafin ka yanke hukunci.

Sai maganar zubewar abin sha, wannan kam minti ɗaya na farko shi ne komai. Da azumin da ya wuce ƙanwata tana rubuta furojet ɗinta bayan an sha ruwa, kofin kunun tsamiya na gefe, ɗanta ya rarrafo ya ja ledar cin abinci, kunun ya bi ta kan maɓallan gefen dama har yana taruwa a wajen Enter. Allah Ya sa ina gidan, ta miƙa hannu za ta yi sebin ɗin aikinta, wato ta adana shi, na ce a'a ƙanwata bari, na fizge caja na danne maɓallin kunnawa har ta mutu, na buɗe ta na kifa a kan tawul kamar bukka, kunu na ɗiga. Abin da za ka yi ke nan, zare caja, kashe ta da ƙarfi, cire batir in yana fita, kifa ta, tsane abin da ya fito ba tare da ka danna maɓallai ba. Kar ka kunna don ka ga ko tana yi, wannan gwajin shi ke ƙona bod, wato babban allon wuta da ke cikin laftof ɗin. Idan ruwa ne zalla ka bar ta a kife gaban fanka aƙalla awa 48. Idan mai sukari ne, shayi, zoɓo, kunu, lemon kwalba, fura, to bushewa kaɗai ba ta isa ba, sukarin zai zauna yana cin ƙarfe a hankali, washegari da safe ka kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke ciki. Tamu haka muka yi, aka canza kibod kawai, bod ɗin ya tsira da furojet ɗin duka. Binne ta a buhun shinkafa ba ya janyo ruwan da ke ciki, sai ma ƙura da ƙwayoyi da za su shiga ramuka, shanya ta a rana kuma batir ne zai sha wahala.

Masu kibod marar waya, ku leƙa gidan batir. Idan kun ga wani farin gari ya kama ƙarfen to batir ne ya yi yoyo, kar a taɓa da hannu, a ɗiga ruwan lemon tsami ko binega a audugar kunne a goge, a bi da sipirit, ya bushe sannan a saka sabo.

Komai ya bushe, sai gwaji. Ka haɗa ka kunna, ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya tun daga layin lambobi. Idan ka ga abin mamaki kar ka tsorata tukuna. A wasu laftof in ka danna U, I, O sai 4, 5, 6 su fito, J, K, L kuma 1, 2, 3, wannan Num Lock ne ya kunnu, ka kashe shi, wani lokacin sai ka haɗa da Fn. Idan kuma ka goge ta tana kunne, danna Shift sau 5 yana tayar da Sticky Keys, danne Shift na dama na sakan 8 kuma yana tayar da Filter Keys, sai kibod ya yi kamar ya kurumce, ka shiga Settings ka kashe su. Idan harafin da ke cikin fasuwod ɗinka ne ya ƙi, akwai kibod na kan sikirin, a shafin shiga yana cikin ƴar alamar da ke kusurwar ƙasa ta dama, in kuma kana ciki a Windows 10 ko 11 ka danna Windows da Ctrl da O tare.

Amma idan ka ga maɓallai da yawa sun mutu lokaci ɗaya, layi guda ko a jere a karkace, wannan ya wuce datti, ko layin wuta ne ya yanke ko igiyar da ta haɗa kibod da bod ta saki, sai mai gyara. Kafin ka samu zuwa ka saka mata kibod na USB ka ci gaba da aikinka.

Ni dai da hunturu duk ranar Juma'a kafin in tafi masallaci nake bin nawa da buroshi, minti biyar, goge da sipirit sau ɗaya a wata, cire maɓallai kuma sau ɗaya a shekara idan ƙura ta lafa wajen Afrilu. In na tashi daga aiki laftof na rufe ta na saka a jaka, na tebur kuma wani tsohon ɗankwalin Hajiyarmu nake rufa masa. Robar nan mai laushi da ake shimfiɗawa a kan maɓallai tana taimakawa sosai, sai dai a siraran laftof ka cire ta kafin ka rufe murfi don kar ta danne sikirin, kuma ita ma ka riƙa wanke ta da sabulu tana bushewa kafin ka mayar.